Filin Tambaya da Amsa: Allon MDF ya ƙi bin firam mai lanƙwasa

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni malamin makaranta ne, kafinta ba sana'ata ba ce, sha'awa ce nake taɓawa a ranakun hutu. Na ɗauko haɗa akwatunan lasifika guda biyu, tsayin kowanne santimita 90, kuma ina son gefunansu su lanƙwasa kamar cikin kwalekwale maimakon kusurwa huɗun da aka saba. Na yanka haƙarƙari huɗu na firam, wato katakan da allon zai kwanta a kansu, daga filawud mai kaurin milimita 18, na zana bakansu da fensir da igiya mai tsawon santimita 40. Da na zo rufewa da allon MDF (allon nan na farfasasshen itace da aka matse da gam) mai milimita 9, ban kai rabi ba na ji ƙas, ya tsage daga sama har ƙasa. Na biyu na jiƙa shi ya kwana, sai ya kumbura, fuskarsa ta yi kaushi. Na koma kan mai milimita 6, na danne shi da ƙarfi na bi shi da ƙusoshi. Washegari na tarar bakinsa ya tashi, kawunan ƙusoshin sun ratsa allon sun zauna a jikin firam. Ina kuskurena yake, kuma wane gam ne zai riƙe?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Ba firam ɗinka ne ya karya allon ba, kuma matsalar ba ta gam ba ce tukuna. Kaurin allon ne ya hana ka aiki.

Tunda kana cikin littattafai, ɗauko wani mai kauri mai taushin bango ka lanƙwasa shi. Dubi bakin shafukan: za ka ga sun zame, kowane shafi ya ɗan wuce na ƙarƙashinsa, bakin ya koma kamar an sare shi a karkace. Yanzu miƙe shi, ka matse bakin biyu da yatsu sosai yadda shafukan ba za su zame ba, ka sake gwadawa. Zai yi maka gardama. Abin da ke faruwa shi ne, duk abin da aka lanƙwasa, bayansa sai ya miƙe, cikinsa kuma sai ya takure. Shafukan littafi suna tsira ne saboda suna da damar zamewa. Allo guda ɗaya ba shi da wannan damar, dole fatar bayansa ta ja, in ta ja har iyakarta sai ta yage.

Ana iya lissafa jan. Raba kaurin allo da ninki biyu na tsawon igiyar da ka zana bakan da ita. Naka milimita 9 ne a kan 800 (igiyarka milimita 400 ce, ninki biyu), wato kowace mita ɗaya ta fatar waje sai ta ƙaru da kusan milimita 11. MDF ba ya jure wannan. Da mai milimita 3 ka ɗauko, ƙaruwar ba ta kai milimita 4 ba, kuma wannan yana ɗauka ba tare da ko ƙara ba.

Akwai lissafi na biyu, shi ne ma ya fi ba mutane mamaki. Taurin allo wajen lanƙwasa ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da kaurinsa. In ka ninka kauri sau biyu, tauri ya ninku sau takwas. In ka ninka sau uku, ya ninku sau 27. Ke nan allonka na milimita 9 ya fi na milimita 3 tauri sau 27, alhali fallaye uku na milimita 3 da aka jera ba gam sau uku kacal suka fi falle ɗaya. Kauri ɗaya ne a ƙarshe, amma ƙarfin da za ka kashe kashi ɗaya ne cikin tara. Mai milimita 6 da ka koma kansa bai karye ba, amma duk daren nan yana ƙoƙarin komawa yadda aka yi shi, kuma abin da ke tare shi kan ƙusa ne kawai, wanda bai wuce ƙwayar ido ba. Dole ya ratsa.

To ga hanyar: siraran fallaye na milimita 3, ɗaya bisa ɗaya, da gam a tsakaninsu. Suna zamewa kamar shafukan nan lokacin da gam yake ɗanye, in ya bushe kuma zamewar ta ƙare, sun zama allo guda mai kauri wanda siffarsa ta asali ita ce lanƙwasar. Daga nan ba firam ne ke riƙe da su ba, su ne ke riƙe da kansu. Masu wannan aiki suna da wani ƙiyasi na yadda abu ke buɗewa in an cire shi daga kan firam: falle biyu kan mayar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na zurfin bakan, uku kashi ɗaya cikin tara, huɗu kashi ɗaya cikin sha shida. Naka ma manne zai zauna da haƙarƙari, don haka ba abin damuwa ba ne, amma ya nuna maka dalilin da ya sa nake cewa ka yi huɗu, kada ka tsaya a biyu. Fallaye huɗu milimita 12 ke nan, kuma bango mai lanƙwasa ya fi shimfiɗaɗɗe mai kauri ɗaya ƙin girgiza. In kana son nauyi sosai, kai shi shida.

Batun ruwa kuwa, na san inda tunanin ya fito. An ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma gaskiya ne ga icce, don zaren jikinsa dogaye ne, a jere suke, tururi yana sassauta ɗankon da ke haɗe da su. MDF ba haka yake ba. Itace ne aka farfasa har ya koma zare ƙanana kamar auduga, aka gauraya da gam na sinadari da ɗan kaki, aka matse da zafi. A shekarun 1960 aka fara yin sa da yawa a Amurka. In ruwa ya shige shi, zaren da aka matse sai su saki jiki su tashi, kuma ko ya bushe ba sa komawa. Wanda ka jiƙa ɗin nan ya tafi ke nan, sai dai ka yanyanka shi ka riƙa tokare aiki da shi.

Yayansa hadbod shi ne ke karɓar ɗan ruwa. Shi ne siririn allon nan ruwan ƙasa, fuska ɗaya sumul, ɗaya kuma da zanen raga. Wani Ba'amurke, William Mason, ya fito da hanyar yin sa a shekarun 1920 a garin Laurel na jihar Misisipi: ana dafa ɓarɓashin itace da tururi mai tsananin matsi, a sake shi farat ɗaya ya tarwatse ya zama zare, sannan a matse. Ɗankon itacen da kansa ne ke haɗe shi. Shi ana shafa wa bayansa mai raga ruwa da soso, a haɗa biyu baya da baya a shimfiɗe su kwana ɗaya ko biyu, sai ya yi laushi ya fi bin baka. Shafawa na ce, ba tsomawa ba. A bakanka na santimita 40 ma ba ka buƙatar haka, ko hadbod ko MDF na milimita 3 zai bi a bushe. In hadbod ka samu, ka goge fuskar mai sheƙi da samfefa kafin gam, don gam ba ya kama santsi.

Kafin ka taɓa allo, koma kan firam. Haƙarƙari huɗu a tsayin santimita 90 sun yi nisa da juna, santimita 30 ke nan tsakani. Siririn allo zai lotsa a tsakaninsu, kuma ba za ka gani ba sai ka shafa fenti haske ya kwanta a kai. Ƙara su su kai bakwai, tazarar ta dawo kusan santimita 15. Kada ka zana kowanne daban. Gyara guda ɗaya har ya yi maka, ka mai da shi ma'auni, ka fitar da sauran a jikinsa, sannan ka haɗa su duka ka matse ka goge bakinsu tare. Bayan ka kafa su, ɗora doguwar sanda miƙaƙƙiya a kansu daga sama zuwa ƙasa ka bi bakan da ita. Duk haƙarƙarin da ya ɗaga sandar, rage shi. Wanda ya bar rata, liƙa masa siririn katako. Sannan a farkon baka da ƙarshensa, ka sa katako mai ƙwari a tsaye daga sama har ƙasa, a fere shi daidai da kwanciyar bakan. A nan ne allo ya fi son tashi, kamar yadda naka ya yi, don ƙarshen allo ba shi da abin da zai ja shi ƙasa. Saboda haka ma nake yanka fallayena da rarar santimita 5 ta kowane gefe. Rarar nan ita ce mariƙin da kake lanƙwasa ƙarshen da shi, kuma kowane falle na sama ya ɗan fi na ƙasa buƙatar tsawo. Daga baya ake datse ta.

Yanzu gam. Farin gam na kafintoci, wanda ake rubuta PVA a jikin robarsa, ya ishe ka wannan aiki. Raunin da yake da shi biyu ne. Na farko, minti biyar zuwa goma kawai yake ba ka kafin ya fara yin fata, in ana zafi ma bai kai haka ba. Na biyu, ko ya bushe yana da ɗan laushi, in abu ya daɗe yana jan sa yakan biyo a hankali. Da siraran fallaye huɗu jan ba shi da yawa, sai raunin na biyu ya zama ba komai ba. In bakan ya matse sosai ko kana son lokaci mai tsawo, efoksi, gam ɗin nan mai ruwa biyu da ake gaurayawa, mai jinkirin bushewa ya fi, don shi in ya daskare ba ya motsi.

Wanda zan roƙe ka ka bari shi ne gam mai ɗankon nan na masu gyaran takalmi, wanda ake shafa wa fuska biyu a bari ya sha iska sannan a haɗa. Yana da jan hankali saboda yana kamawa nan take ba sai an matse ba. Na taɓa rufe gaban wani ƙaramin kanta da shi, fallaye biyu, aikin ya fito gwanin kyau. Bayan wata huɗu na sa yatsa a bakin haɗin na ji rata. Na leƙa da tocila, sai ga gam ɗin ya miƙe zare-zare tsakanin allon biyu kamar yanar gizo-gizo, bai tsinke ba, bai kuma riƙe ba. Roba ce, kuma roba ba ta hana zamewa, alhali hana zamewar shi ne gaba ɗayan aikin. Ga shi kuma in fuska biyun suka taɓa juna a karkace, babu gyara.

Ranar aiki, fara da gwaji ba gam. Ɗora fallen, ɗaure shi yadda za ka ɗaure da gaske, ka duba agogo. A nan za ka gano bel ɗaya gajere ne, ko hannunka biyu ba su isa ba sai ka kira wani. Gara ka gano haka gam yana cikin robarsa. In ka bar fallen a ɗaure ya kwana, gobe za ka same shi ya ɗan saba da bakan.

Abin ɗaurewa mafi dacewa shi ne bel ɗin ɗaure kaya mai ƙarfen ja, ɗaya a kan kowane haƙarƙari. In babu, yanka tsohon tub na taya tsiri-tsiri ka naɗe aikin da shi kana ja, kowane zagaye yana ƙara matsi. Ƙarƙashin bel ɗin ka jera siraran sanduna a tsaye, tazarar yatsu huɗu, su kai matsin wuraren da bel bai taɓa ba. A gefuna biyu na allon kuma katako mai kauri da ƙarfen matsi. Sa leda tsakanin sandunan da allo, kada gam ɗin da ya tsatso ya haɗe su.

Fallen farko shi kaɗai ne ke manne da haƙarƙari. Bakin filawud yana shan gam, don haka shafa sau ɗaya, jira minti biyu, ka ƙara. Kafa gefe ɗaya tukuna, ka tabbatar ya miƙe da katakon tsaye, sannan ka bi da allon a hankali zuwa ɗaya gefen kana danna shi da tafin hannu, kamar mai shimfiɗa tabarma. Kada ka kama gefe biyu ka bar tsakiya, iska za ta maƙale ta bar maka kumburi. A wannan fallen kana iya sa ƙananan ƙusoshi ko sukuru, tunda na sama zai rufe su, amma ka huda musu rami tukuna kuma ka nutsar da kawunansu.

Daga falle na biyu, gam ya rufe fuskar gaba ɗaya, ba ɗige-ɗige ba, ba zane kamar maciji ba. Ni da ƙaramar rola ta fenti nake shafawa, don ta fi buroshi sauri kuma tana daidaita kauri. Alamar ya isa ita ce in ka matse ka ga ƙananan ƙwayoyin gam sun fito a jere a duk tsawon bakin. Inda bai fito ba, ƙara matsi a wurin tun yanzu. Bi fuskar da ƙwanƙwasa da bayan yatsa: inda ya kama za ka ji tim, inda rata take za ka ji fam kamar ganga. A akwatin lasifika wannan ratar ce za ta riƙa zuga a wasu muryoyi, kuma bayan ka rufe ba ka da hanyar kai mata.

Falle ɗaya a rana, ka bar shi awa 24 a ɗaure. Abin da aka rubuta a jikin roba na rabin awa ko awa ɗaya na haɗin da ba a jan sa ne. In allonka bai kai faɗi ba sai ka yi haɗi, to haɗin ya faɗa a kan haƙarƙari, kuma kada na falle biyu su hau kan juna. Bayan na ƙarshe ya bushe ka datse rarar da zarto mai ƙananan haƙora, ka goge da samfefa da aka naɗa a jikin guntun allon milimita 3, don shi zai bi bakan, katako mai tauri kuwa sai ya yi maka fuska-fuska. Bakin MDF yana shan fenti ba ƙoshi, ka fara shafe shi da farin gam da aka tsinka da ɗan ruwa, siriri, ya bushe ka goge.

Kuma don Allah ka rufe hanci da baki da takunkumin ƙura na gaske, ka yi yankan a inda iska ke wucewa. Ƙurar MDF laushi gare ta kamar hoda, tana daɗewa a iska. Tun 1995 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ƙurar katako cikin abubuwan da ke jawo cutar, ga kuma sinadarin fomaldihaid da ke cikin gam ɗin yawancin allunan.

TAMBAYA: Malam, ni teburin karatu nake yi wa 'ya'yana, mai zagayayyar kusurwa don kada su riƙa buguwa. Igiyar bakan santimita 30 ce. Na ga ana tsattsaga bayan allo da zarto ya lanƙwasa, na yi wa MDF mai milimita 18 tsaga tara. Ya lanƙwasa, amma fuskar ta fito gaɓa-gaɓa, kuma wuri biyu ya tsage.

AMSA: 'Yar'uwa, tara ɗin da kika yi ba ki yi kuskuren lissafi ba, shi ne mafi ƙarancin abin da zai kai ki kusurwar. In tsagar ta shiga milimita 16 ta bar 2, cikin allon yana buƙatar ya rage tsawon kusan milimita 25 kafin ya juya kwata ɗin da'ira, kuma bakin zarto mai milimita 3 sau tara ya ba da haka. Sai dai allon a kan tsagar kawai yake lanƙwasa, tsakaninsu a miƙe yake. Bakanki tsawonsa kusan santimita 47 ne, kin ga ke nan gaɓoɓi ne na santimita biyar-biyar, kuma kowace tsaga an ɗora mata juyin digiri goma ita kaɗai. Shi ya sa biyu suka gaza.

Matso da su, tsakanin kowace tsaga da 'yar'uwarta milimita 12 zuwa 15, wato talatin da wani abu. Ba za su rufe ruf ba, kuma ba a so su rufe. Zurfinsu ya zama ɗaya, don wadda ta fi zurfi ita za ta kwashe juyin duka ta karye. Ki gwada a guntun allo tukuna. Allon da aka tsattsaga ba shi da ƙarfin kansa, sai kin cika tsagogin da gam da aka kwaɓa da garin katako, ko kin manna masa falle na milimita 3 ta ciki. In fenti mai sheƙi za ki shafa, ƙara wani fallen ta waje ma, don layukan tsaga sukan fito a ƙarƙashin fenti bayan an ɗauki lokaci ko da ranar farko ba a gan su ba. Ana sayar da MDF da aka riga aka tsattsaga daga masana'anta, in aka manna biyu tsaga na kallon tsaga sai su riƙe siffarsu ko ba firam.

TAMBAYA: Ina son in yi ƙaramar ƙubba, faɗinta santimita 60, don wani samfurin gini. Hadbod na milimita 3 yana bin gefe ɗaya, in na danna ɗaya gefen sai ya tattare.

AMSA: Ɗan'uwa, ba zai taɓa bi ba, komai sirantarsa. Falle shimfiɗaɗɗe ta fuska ɗaya kawai yake lanƙwasa a lokaci guda: yana zama bututu, yana zama mazurari, amma ba ya zama ƙwallo. Naɗe ƙwallo da takarda ka gani. Sai dai ka yanka shi tsiri-tsiri masu faɗin ƙasa da tsinin sama, kowanne ya tashi daga gindin ƙubbar ya ƙare a ƙololuwa, haɗinsu a kan haƙarƙari. Kewayen gindinka kusan santimita 188 ne, in ka raba 16 kowane tsiri ya samu faɗin kusan santimita 12 a ƙasa. Gefunansu ba miƙaƙƙu ba ne, suna da ɗan ciki, don haka fitar da ma'aunin da kwali a jikin firam ɗin kansa kafin ka yanka allo. A ƙololuwa kada ka yi ƙoƙarin haɗa tsini 16 wuri ɗaya, datse su ka rufe da ɗan faifan katako mai faɗin santimita 8 ka fere shi ya bi zagayen.